Yadda Za Ka Gyara Saiti Ka Kuma Daɗe a Raye a Wasan Yaƙin Manyan Butum-butumi

A mazauninmu na Aboabo, nan Kumasi, da an idar da sallar Isha'i aka ɗora butar shayi sai wayoyi su fito. Wasu ƙwallo, wasu kuma yaƙin butum-butumi. Wani dare na zauna bayan ƙanena ina kallonsa yana buga War Robots. Minti huɗu ba su cika ba butum-butuminsa biyar duk sun zama toka. Ya juyo ya ce, "Yaya, wallahi layi ne ba kyau." Na karɓi wayar, layin bai canja ba, garejin butum-butumin ma nasa ne, aka tashi wasa ina da uku da ban ko taɓa ba. Hannuna bai fi nasa sauri ba, shi yaro ne. Bambancin shi ne yana tsayawa tsakiyar fili yana ɓarin wuta kamar an kafe shi, ni kuwa ban yarda a ga jikina ba sai lokacin da bindigata take cike.

A wannan irin wasa ƙafa ce ke yin saiti, wato nufar abokin gaba da makami, kafin yatsa. Inda ka tsaya, tazarar da ke tsakaninka da abokin gaba, da daƙiƙar da ka fito, su ne ke sa harsashinka ya samu, su ne kuma ke hana nasa ya same ka. Misalaina zan ɗauko su daga wasanni biyu: War Robots na kamfanin Pixonic, wanda ya fito a 2014, ana buga shi a waya mutum shida da shida, da MechWarrior Online na Piranha Games da ke Kanada, wanda ya fito a 2013, ana buga shi a kwamfuta mutum 12 da 12. Mai buga Mech Arena, na biyar da biyar, shi ma zai ga kusan komai ya hau kansa.

Mataki na farko: gyara kayan aiki kafin a buɗe fili

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiga wajen gyare-gyaren wasan (settings) ka rage kyawun hoto zuwa ƙasa ko matsakaici. Inuwa da hayaƙi da ƙyalli suna da daɗin kallo, amma su ne ke sa hoto ya riƙa tsinkewa daidai lokacin da roka suka fara fashewa. Cire rigar wayar, kuma kada ka buga tana jone da caji, domin waya in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu, ga zafin watan Maris na garin nan. Kashe saukar da hotuna da bidiyo na WhatsApp, don bidiyon biki ɗaya daga zauren dangi ya isa ya daskarar da kai a tsakiyar faɗa. In yatsanka mai gumi ne, nemi safar yatsa wajen masu kayan waya a Adum, ko ka shafa hoda kaɗan.

Sai saurin juyawar saiti. Kusan duk sabon shiga ya bar shi da yawa. Gwada haka: zaɓi wani gini mai nisa, ka ja alamar saiti ka tsayar da ita a kusurwarsa da jan yatsa ɗaya. In kana zarcewa kana dawowa, rage. Ci gaba da ragewa har sai ka ji juyawa baya ta fara yi maka nauyi, sannan ka ƙara ɗan kaɗan ka bar shi nan. Kada ka sake taɓawa har mako biyu, hannu ba ya sabawa da abin da ake canja masa kullum. A kwamfuta ma haka, da ƙarin cewa ka ba linzamin kwamfuta (mouse) fili a kan tebur yadda za ka ja da dantse, wuyan hannu kaɗai ba ya isa. Mai waya kuma in wasan ya ba da dama ya matsar da maɓallin harbi sama, ya riƙa danna shi da manuniya, babban yatsa ya zauna kan saiti kawai. Kwana uku na farko za ka ji kamar kana rubutu da hagu, daga nan ya wuce.

Mataki na biyu: san jinkirin layinka

Ƙanena bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Duk abin da ka danna sai ya bi igiyoyin ƙarƙashin teku ya je na'urar wasan a Turai ko Amurka sannan amsa ta dawo. Wanda ya shaida ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin nan suka yanke intanet ta durƙushe a Ghana, ya san a kan me muke rataye. Wannan zuwa da dawowa shi 'yan wasa ke kira ping, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Nawa daga Kumasi zuwa Turai yawanci yana sama da 100. Yi lissafi: ƙaramin butum-butumi mai gudun kilomita 144 a awa yana cin mita 40 a daƙiƙa. In jinkirinka 125 ne, ya riga ya matsa mita 5 daga inda kake ganinsa.

A MechWarrior Online zaɓi na'urar Turai, ta fi mana kusa da ta Arewacin Amurka. Wasan yana da tsarin da yake komawa baya ya duba inda abokin gaba yake a allonka lokacin da ka harba, saboda haka da lesa ka nufi abin da idonka ke gani, kada ka ƙara masa komai. Sai dai wannan adalcin shi ma abokin gaba an yi masa. Shi ya sa za ka ga ka riga ka shige bayan dutse amma duka ya biyo ka, don a allonsa ba ka gama shigewa ba. Maganin wannan ɗaya ne: mu na nan mu riƙa juyawa mafaka kafin zuciya ta ce lokaci ya yi. Rabin daƙiƙa da wuri. Kuma jinkiri mai yawa da ya tsaya cak ya fi wanda ke hawa da sauka, hannu yana iya sabawa da na farko. Daren da layi ke tsalle-tsalle, ajiye bindigar nesa ka ɗauki roka masu fallatsa wuta ko makami mai bin mutum da kansa.

Mataki na uku: haddace zangon kowane makami

Mu 'yan Zango bai kamata a koya mana muhimmancin zango ba. Kowane makami yana da iyakar inda yake kaiwa, wasan kuma yana rubuta maka tazarar abokin gaba da mita a jikin alamarsa. Yawancin yara ba sa ko kallon wannan lambar, alhali ita ce rabin wasan.

Ɗauki tsofaffin makaman War Robots da kowa ya fara da su. Orkan da Pinata mita 300. Taran da Magnum 350. Punisher da Tulumbas 500. Trident 600, Molot 800, Trebuchet 1,100. Duba tsakanin Orkan da Taran: mita 50 kacal. In kana ɗauke da Taran, Griffin, butum-butumi mai tsalle, ya tunkaro ka ɗauke da Orkan, riƙa ja da baya kana riƙe shi tsakanin mita 310 da 350. Kai kana ƙona shi, shi rokarsa tana mutuwa a iska. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. In kuma kai ne mai Orkan, haramun ne ka bi fili tsirara zuwa wajensa, sai ka bi ta bayan gine-gine har lambar ta sauko ƙasa da 300 sannan ka bayyana. Masu wasan suna taɓa lambobin nan lokaci zuwa lokaci, don haka bayan kowane sabuntawa buɗe katin makamanka ka sake karantawa.

Akwai kuma bambanci tsakanin inda makami ke kaiwa da inda yake ciwo. Bindigar Thunder ta War Robots an rubuta mata 500, amma harsashinta watsewa yake kamar an watsa tsaba, sai ka matso sosai take zama abin tsoro. Punisher ma yana bazuwa daga nesa, kuma sai ya yi 'yan daƙiƙoƙi yana harbi kafin ya ɗau cikakken gudu, don haka bai dace da mai leƙe yana komawa ba. A MechWarrior Online, babbar bindigar AC/20 da matsakaiciyar lesa ƙarfinsu cikakke yana tsayawa a mita 270, daga nan ya riƙa raguwa. Kada ka haɗa makamin 300 da na 800 a jiki ɗaya kana cewa ka shirya wa ko'ina. A kowane wuri ka tsaya rabin kayanka barci yake.

Mataki na huɗu: harbi inda zai je

Wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin sakora ya san ba a ba mai gudu fas a ƙafarsa, gabansa ake jefawa ya tarar. Makamai iri uku ne ta wannan fuska. Lesa tana isa nan take, amma tana ci kusan daƙiƙa guda, aikinka shi ne riƙe ta a wuri ɗaya har ta ƙare. Harsashi da roka da PPC, bindigar makamashi ta MechWarrior Online, tafiya suke, sai an ba su gaba. Masu linzami kuma kulle mutum suke buƙata, su bi shi da kansu.

Na tsakiyar nan ne ke ba mutane wuya. A ce harsashinka yana cin mita 1,000 a daƙiƙa, abokin gaba yana mita 500, yana ratsawa ta gabanka da gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa. Rabin daƙiƙa harsashin zai yi a hanya, shi kuma ya matsa mita 10. Ba wanda zai zauna yana wannan lissafi cikin faɗa. Abin da ake yi shi ne auna gaba da faɗin jikinsa: jiki ɗaya, jiki biyu. Harba, ka kalli inda ya faɗi. In bayansa ya bi, ninka abin da ka ba shi. A cikin kuskure goma na sabon shiga, kusan duka baya suke bi, da wuya ka ga wanda ya ba da gaba fiye da kima.

Dabarar da ta fi sauƙi ga mai jinkirin layi ita ce tarko. Maimakon ka bi shi da saiti kana rawar hannu, ajiye alamar a inda dole ya ratsa, bakin lungu, kan gada, ko wajen tutar da yake son kamawa, ka jira ya shigo. Haka kuma mai tsalle. Griffin in ya tashi sama ba ya iya canja hanya, inda zai sauka a bayyane yake, kuma da ya dira sai ya jira kafin ya sake tashi. Kada ka ɓata roka yana sama, tara masa su a masauki. Wanda kuma yake tahowa kai tsaye ko yake gudu kai tsaye ba ya buƙatar gaba ko kaɗan, shi ya sa nake fara matsawa in daidaita kaina da hanyarsa kafin in danna. Ƙaramin gyara na saiti ma da ƙafa nake yinsa: taku ɗaya hagu ya fi jan yatsa santsi.

A MechWarrior Online samun mutum kawai bai isa ba, sai ka san inda ka same shi. Jikin ya kasu takwas: kai, tsakiyar ƙirji, gefen ƙirji biyu, hannu biyu, ƙafa biyu, kowanne da sulkensa. Danna R a kan duk wanda ka fuskanta. Hoton jikinsa zai fito a kusurwar allo ya nuna inda sulke ya ƙare, abokan wasanka ma su gan shi a taswira. Wanda ba ya danna R kamar mai zuwa farauta ne ya ƙi gaya wa 'yan'uwa inda nama ya bi. Duk inda ka ga ya buɗe, can za ka zuba. Butum-butumin Hunchback babbar bindigarsa tana cikin doron kafaɗar dama, fasa wannan ya zama fanko. Ƙanana masu gudu irin Locust, mai tan 20, ƙafa ake nema, ɗaya ta karye gudu ya ƙare, biyu suka tafi ya mutu.

Mataki na biyar: leƙa, harba, juya, ɓuya

Nan ne wasan yake. Kowane makami yana da lokacin ɗuri, kamar bindigar maharba. Duk daƙiƙar da ka yi a fili bindigarka ba komai, kyauta ka ba da jininka. Tsarin shi ne: tsaya bayan gini har kayanka su cika, daidaita saiti tun kana ɓoye ta hanyar alamar abokin gaba, fito, sauke, koma. Kada ka tsaya kallon ko ya ji ciwo, lambobi za su gaya maka.

Lura da inda bindigoginka suke a jiki. In a hannun dama suke, leƙa ta gefen dama na gini, yadda hannun kaɗai zai fito sauran jiki yana ɓoye. In a kafaɗa suke sama, irin na JagerMech na MechWarrior Online, nemi tudu ka leƙo da kai kawai. Atlas kuwa, duk da tan 100 ɗinsa, hannuwansa ƙasa suke, idonka yana ganin abokin gaba amma harsashi yana shiga ƙasa a gabanka. Na sha zubar da wuta a jikin dutse haka kafin in gane. Kuma kada ka leƙa sau uku ta wuri ɗaya. Na farko ka ba shi mamaki, na biyu ya gane, na uku bindigar nesa irin Trebuchet ko Gauss tana jiranka.

Juyawa kuma ita ce sirrin tsofaffin 'yan MechWarrior. Da ka sauke harbi, murɗa ƙirji gefe, dukan da zai dawo ya sauka a hannu da gefe maimakon tsakiya, domin tsakiyar ƙirji in ta fashe zance ya ƙare ko da sauran jiki sabo ne fil. Centurion an gina shi don haka, bindiga a dama, hannun hagu kuwa garkuwa. Mai Hunchback ya riƙa ba da hagu yana kare doronsa. In injinka XL ne, wato mara nauyi, na Inner Sphere, ɗaya daga ɓangarori biyu na wasan, yi hattara, rasa gefen ƙirji ɗaya mutuwa ne. Kada kuma ka murɗa har ka ba da baya, sulken baya siriri ne. Gwani za ka ga ya mutu ba hannu, ba gefe, ko'ina ja. Wanda ya mutu da rami ɗaya a tsakiya alhali ko'ina lafiya, kallon abokin gaba ya tsaya yi.

In dole ka ratsa fili, kada ka tafi a miƙe kamar jirgin ƙasa. Yi gicciye, ka riƙa canja gudu, ka ɗan tsaya ka ci gaba, yadda mai ba ka gaba zai yi ta kuskure. Tsalle ko ruga ko ɓacewa da butum-butuminka yake da shi, ajiye shi don fita. Yara suna tsalle su faɗa cikin mutum uku, sannan su tsaya suna danna maɓallin da bai cika ba.

Makamai masu linzami suna da nasu magani. Da ka ji gargaɗi, nufi gini ko dutsen da ya fi ka tsawo ka manne da shi, domin daga sama suke saukowa, in ka tsaya nesa da bango za su tsallake shi su same ka. A MechWarrior Online, LRM, wato makami mai linzami na nesa, na Inner Sphere ba ya ciwo ƙasa da mita 180, don haka mai ɗauke da shi in ya kaɗaita, rufe shi. In kana ɓoye amma ruwan wuta bai tsaya ba, ɗaga kai, wataƙila ƙaramin jirgin leƙen asiri ne a samanka, harbo shi.

Garkuwa ma iri-iri ce a War Robots. Ta makamashi, irin Ancile, tana tare harsashi da roka amma Taran yana ratsa ta kamar babu. Ta ƙarfe, irin Ecu ko ta jikin Lancelot, tana tare Taran amma fallatsin roka yana zagaye ta. Kalli abin da mutum ya riƙe kafin ka zaɓi wanda za ka tara.

Zafi da kaɗaici

Abu biyu suna kashe wanda ya iya duk na sama. Ɗaya zafin inji a MechWarrior Online: ka yi ta danna komai lokaci guda har injin ya mutu, ka tsaya ƙiƙam a gaban mutane kamar an ɗauke wuta. Raba makamanka rukuni biyu ko uku a maɓallai daban, in ma'aunin zafi ya kusa cika ka koma mafaka. A fili mai zafi irin Terra Therma harbi biyu sun isa inda za ka yi uku a Frozen City. Na biyu tafiya kai kaɗai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: mutum uku in suka haɗu a kanka ba murɗa ƙirjin da zai cece ka. Riƙa jefa ido kan taswira duk lokacin ɗuri, ka bi bayan manya, ka harbi wanda suke harbi.

Atisaye

Minti goma sha biyar kafin ka shiga wasa na gaske sun isa. A MechWarrior Online akwai Testing Grounds inda butum-butumi suke tsaye ba sa ramawa. Zagaya ɗaya kana riƙe lesa a gefen ƙirjinsa kaɗai, minti biyar ta hagu, biyar ta dama, sauran biyar ka yi leƙa-harba-juya a bayan dutse har ya zama ba sai ka yi tunani ba. A waya, ku buɗe wasa na ku kaɗai da aboki, shi ya riƙa ratsawa a mita 300, sannan 500, kai kana auna gaba, ku yi musaya.

Sannan kunna naɗar allo ka ɗauki wasa ɗaya a rana. Kada ka kalli inda ka yi kisa, wuce kai tsaye zuwa daƙiƙa goma kafin kowace mutuwa, ka tsayar da hoton ka tambayi kanka: mita nawa ne tsakaninmu, bindigata cike take, ina mafaka mafi kusa, ina 'yan'uwana? Da na sa ƙanena ya yi haka, a mutuwa biyar ya tarar huɗu bindigarsa ba komai yana tsaye a fili, ɗaya ce kawai layi ya daskare. Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, wannan ɗayar fa?" Na ce wannan ya kai ƙara wajen igiyar teku, ya miƙo min kofin shayina.